Tsohon Komik ko Sabo: Labari Kake Nema ko Takarda?

A watan Afrilun 2024, kamfanin gwanjo na Heritage da ke Amurka ya sayar da kwafi ɗaya na mujallar Action Comics, fitowa ta farko, a kan dala miliyan 6. A 1938 aka buga ta, a cikinta duniya ta fara ganin Superman, kuma santi goma kacal ake sayar da ita a wancan lokaci. Duk sa'ad da labari irin wannan ya bazu, sai ka ga jama'a sun yi masa fahimta iri biyu, kowace da kuskurenta. Wasu su ɗauka cewa duk littafin komik, wato mai ba da labari da jerin zane-zane, in dai ya kwana biyu ya zama dukiya. Wasu kuma su ruga su sayi wanda ya fito makon nan su ƙunshe a leda, suna lissafin abin da zai kawo nan da shekara talatin. Tambayar da ya kamata mai saye ya fara yi wa kansa ita ce: labarin yake so, ko takardar da aka buga shi a kanta? Haja biyu ce a ƙulli ɗaya, kowace da kasuwarta. Labari a neme shi inda ya fi araha da daɗin karatu, kuma galibi a sabon bugu yake. Takarda kuwa ba ta cancanci a zuba mata kuɗi ba sai in ƙarancinta na gaske ne, kuma irin wannan ƙaranci a tsoffi ake samunsa.

Me ya sa wancan kwafi ya yi tsada haka? An buga kimanin 200,000, amma yau ana ƙiyasta cewa waɗanda suka rage ba su wuce ɗari ba. Sauran sun salwanta ne saboda babu wanda ya ɗauke su da wata daraja. A kan takardar jarida mafi arha aka buga su, don yara su karanta, su ba aboki, su yar. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu an yi ta gangamin tara tsoffin takardu a Amurka don a sake sarrafa su, komik masu yawa suka tafi a ciki. Daga baya kuma aka taso musu da zargin ɓata tarbiyya: a ƙarshen shekarun 1940 an ƙona su a bainar jama'a a wasu garuruwa, a 1954 wani likitan ƙwaƙwalwa, Fredric Wertham, ya fitar da littafinsa Seduction of the Innocent yana danganta su da kangarewar yara, har wani kwamitin majalisar dattawa ya yi zama a kan batun. Abin da ya tsira daga wuta da gangami, iyaye mata sun share shi ranar gyaran ɗaki. Sakacin mutane ne ya haifar da ƙarancin, sannan farin jinin Superman ya haifar da masu nema. Sai abubuwan biyu sun haɗu farashi ke tashi. Shi ya sa Amazing Fantasy ta 15, wadda Spider-Man ya fara fitowa a cikinta a 1962, ta kai dala miliyan 3.6 a 2021, alhali mujallu da yawa da suka girme ta, masu jarumai da aka manta da su, ba su kusanci wannan ko da wasa ba.

Daga nan za a gane raunin lissafin mai sayen sabo don ya ajiye, kuma tarihi ya riga ya gwada lissafin nasa. A farkon shekarun 1990, labarin tsadar tsoffin komik ya jawo mutanen da ba su damu da karatu ba suka cika shaguna. Kamfanoni suka biya musu buƙata: Marvel ya fitar da fitowa ta farko ta wani sabon jerin X-Men a 1991 da bango iri biyar, aka buga fiye da kwafi miliyan takwas, saboda mutum ɗaya kan sayi biyar ɗin duka, wani ma ya sayi katan guda. A ƙarshen 1992 kamfanin DC ya fitar da labarin mutuwar Superman, wasu kwafin a cikin baƙar leda a rufe, mutane suka yi layi suna saye, da yawa ba su ma buɗe ledar ba. Abin ya zama kamar manoman gari su taru kowa ya ɓoye masara a rumbu yana jiran tsada. Ranar da aka buɗe rumbunan, kowa mai sayarwa ne. Kasuwar ta rushe cikin 'yan shekaru, dubban shaguna suka rufe, Marvel kansa ya nemi kariyar kotu daga masu binsa bashi a watan Disambar 1996, ko da yake basussukan da masu kamfanin suka ɗora masa suna cikin dalilai. Har yau ana samun waccan X-Men fes, kamar jiya aka buga ta, a kan 'yan daloli kaɗan. (Superman ɗin ma bai cika shekara a kabari ba aka dawo da shi.)

Mai musu zai ce ai akwai sababbin da suka yi tsada, kuma gaskiyarsa. Teenage Mutant Ninja Turtles, wadda Kevin Eastman da Peter Laird suka buga da kuɗin aljihunsu a 1984, kwafinta na farko mai kyau yana kai dubban daloli masu yawa. Haka The Walking Dead ta 2003. To amma a duba yawan bugun: ta farko kimanin kwafi 3,000 ce, ta biyu kimanin 7,000. An buga su kaɗan ne domin ba a zaci za su yi kasuwa ba, wato misalan suna ƙara ƙarfafa hujjar da ake so a rusa da su. Kuma a kan kowace ɗaya da ta yi suna, ɗaruruwan ƙananan mujallu sun fito sun ɓace. Wanda ya dace da irin waɗannan yawanci mai karatu ne da ya saya don labarin ya burge shi. Shi kuwa ƙarancin da kamfani ke ƙirƙira da gangan, kamar bango na musamman da ba a bai wa mai shago sai ya yi odar kwafi 25 ko 100 na gama-gari, ina ganin a yi hattara da shi. Kowane kwafinsa daga maɗaba'a yake wucewa cikin leda, ba wanda zai lalace, kuma farashinsa kan yi tashin farko ya sauko da zarar hankali ya koma kan na wata mai zuwa.

Ke nan mai tarawa ya karkata ga tsoffi, amma da ido buɗe, domin a can lafiyar takarda ce kusan komai. Tun 2000 akwai kamfanin CGC a Amurka da ke duba kwafi, ya ba shi maki daga 0.5 zuwa 10, ya rufe shi a gidan roba mai tauri. Lanƙwasa ɗaya a kusurwa ko tsatsar ƙarfen ɗinki na iya rage farashi ƙwarai, kuma kwafin da aka yi wa kwaskwarima, aka cike launi ko aka liƙe yaga, ana manna masa alama mai launin shunayya, darajarsa ta faɗi. Akwai kuma haɗarin ruɗi: a 1974 DC ya sake buga Action Comics ta farko a girma mafi faɗi, kuma an sha yaudarar marasa sani da ita bayan an cire bangon waje. Babban abin lura shi ne, kwafin da ke cikin gidan roba ba ya karantuwa. In ka fasa robar, shaidar makin ta tafi. Wanda ya biya kuɗi masu nauyi ya sayi bango ne da lamba, kuma in ya san haka tun farko babu laifi, don masu tara tsoffin sulalla ma ba cefane suke yi da su ba.

Mai son labari shi ne ya fi kowa sa'a a wannan zamani. Tun 1987 Marvel ke tattara tsoffin labaransa a jerin kundin Masterworks, DC ya bi sahu da nasa, ga kuma manhajoji irin su Marvel Unlimited da ke buɗe dubban fitowa a waya da kuɗin wata. Labarin da asalinsa ya kai miliyoyi, sabon bugunsa bai wuce kuɗin littafi ɗaya ba. Masoya tsoffi suna da ƙorafi a nan, kuma yana da ƙarfi: masu launi na da sun yi aikinsu ne da sanin cewa takardar jarida za ta sha tawada ta dusar da ita, don haka in aka ɗora launukan nan a kan farar takarda mai sheƙi sai su yi kau, su kashe ido. Ga shi kuma ana yawan cire tallace-tallace da shafin wasiƙun masu karatu, waɗanda su ne ke nuna wa mutum zamanin da labarin ya fito. Amsar wannan ba ta buƙatar gwanjo. Akwai bugun kwaikwayo da ke dawo da mujalla yadda take har da tallanta, sannan akwai kwafin da ya sha hannu, mai lanƙwasa da rubutun wani yaro a bango, wanda masu tarawa suka raina. Na shekarun 1970 da 1980 irinsa sau da yawa dala ɗaya ko biyu ne a akwatunan shaguna. Sai dai mai karatu ɗan Afirka ya shiga tsoffin da shiri, don yadda da yawansu suka zana baƙar fata abin takaici ne. Tintin au Congo na ɗan Beljiyam Hergé shi ne misalin da ya fi shahara, kuma sai a 1966 Stan Lee da Jack Kirby suka fito da jarumi baƙar fata, Black Panther, a Fantastic Four ta 52.

Sabbin ma suna da nasu cikas. Fitowa ɗaya ta wata-wata a Amurka tana kai dala huɗu zuwa biyar a kan shafuka kimanin ashirin na labari, kuma marubutan yanzu kan ja labari ɗaya ya cinye fitowa biyar ko shida, saboda haka wanda ya haƙura har a haɗa su a kundi ɗaya ya fi cin riba. Amma suna da wani fifiko da ba a cika ambata ba. Jerry Siegel da Joe Shuster, waɗanda suka ƙirƙiro Superman, sun sayar da haƙƙinsa a kan dala 130 a 1938, kuma daga dala miliyan 6 ɗin nan ko sisi bai shiga gidan mai zane ba. Tsakanin masu tarawa kuɗin ya zaga. Kuɗin sabon littafi kuwa shi ke tabbatar wa kamfani cewa marubuci da mai zanen da ke raye sun cancanci a ba su wani aiki.

Wanda ke zaune a ƙasashenmu yana da ƙarin dalilin yin tunani kafin ya sayo tsohuwar takarda daga waje. Tarin komik mafi shahara da lafiya, na Edgar Church, kusan kwafi 20,000 da aka gano a 1977, ya tsira ne saboda busasshiyar iska mai sanyi ta birnin Denver. Takardar jarida tana ɗauke da sinadarin da ke sa ta ja ta yi ƙarmas-ƙarmas, zafi yana gaggauta hakan, laimar damina tana kawo fumfuna da tsatsa, ga gara tana jira. In kuwa ana son tara abin da ƙarancinsa na gaske ne, akwai shi a gida. Mujallar Ikebe Super da Wale Adenuga ya fara a Legas a 1976, da Powerman da aka yi wa kasuwar Nijeriya a tsakiyar shekarun 1970, wadda Dave Gibbons ya zana tun kafin ya yi suna da Watchmen, sun sha irin sakacin da Action Comics ta sha, an karanta an naɗe ƙosai da su. Gwanjon miliyoyi ba ya jiransu, kuma da wuya a sami sabon bugunsu a kanti, don haka a nan mai karatu da mai tarawa kwafi ɗaya suke nema.