Kalma ɗaya, ma'ana uku: Sunayen zane da siffa da ya kamata ɗan kasuwar yadi ya riƙe

Daga wakilinmu a Garwa

Duk wanda ke saye da sayar da atamfa ko shadda ko leshi tsakanin Garwa da Yola ko Mubi ya san cewa harshe ɗaya ba ya isa ciniki a wannan yanki namu. A rumfa Hausa da Fillanci ake yi, takardar kwastan ta Kamaru da Faransanci take zuwa, idan kuma aka tsallaka Nijeriya sai ta koma Ingilishi. To, tun da wayar hannu ta ba dillalai damar yin odar kaya kai tsaye daga Kano da Kwatano da Dubai da Sin har da Turai, sai wata matsala ta ƙaru a kan waɗanda muka saba da su, wato ta sunan zanen da ke jikin yadi. Mutum zai biya kuɗin dila sukutum, kaya su iso, a kwance a tarar ba abin da ya nufa aka turo ba, alhali babu wanda ya cuce shi, kalma ce kawai ta raba shi da mai kaya.

Wannan ne ya sa a yau muka ga ya dace mu jera wa 'yan uwa 'yan kasuwa wasu kalmomin Ingilishi na siffa da zane, tare da takwarorinsu na Faransanci da muke ji kullum a nan gida, da kuma na wasu harsuna biyu na tsakiyar Turai, wato harshen Cek da harshen Slobak.

Ina ruwanmu da Cek da Slobak?

Mai karatu zai iya yin wannan tambaya, kuma amsarta tana rataye a rumfunanmu. Shaddar Gezna da kowa ya sani ta kamfanin Getzner ce da ke garin Bludenz na ƙasar Ostiriya, wanda aka kafa tun 1818. Amma a maƙwabciyarta, Jamhuriyar Cek, akwai kamfanin Veba a garin Broumov kusa da iyakar Folan, wanda ya yi suna wajen saƙa shadda domin kasuwannin Afirka ta Yamma. Haka nan yankin Jablonec na wannan ƙasa ya daɗe da shahara wajen yin duwatsun ado na gilashi, irin waɗanda fatake suka yi ta yawo da su a Afirka tun zamanin kakanni.

Cek da Slobakiya ƙasa ɗaya ce a da, mai suna Cekoslobakiya, kafin su rabu cikin lumana ran 1 ga Janairu 1993. Dukansu sun shiga Tarayyar Turai a 2004, Slobakiya ta koma amfani da kuɗin yuro a 2009, ita kuwa Cek ta riƙe kuɗinta koruna. Harsunansu biyu 'yan uwan juna ne na kusa, har mai jin ɗaya yakan fahimci ɗayan, sai dai akwai kalmomin da suka bambanta. Galibi wasiƙar ciniki da irin waɗannan kamfanoni da Ingilishi ko Faransanci ake yin ta, amma wanda ke karanta odarka a can da harshensa yake tunani, kuma idan ka jefa masa kalma mai fuska biyu, fuska ɗaya zai ɗauka. Haka ita ma manhajar fassara da ke cikin waya take yi, ta zaɓi ma'ana ɗaya ta miƙa ba tare da ta tambaye ka ba.

Kalmar da ta fi kowace jawo rikici

Babbar mai laifi ita ce kalmar Ingilishi pattern. Bature na amfani da ita a wurare uku da mu a Hausa muka raba su. Na farko, zanen da ke jikin yadi, kamar fulawa ko ratsi. Na biyu, takardar da tela ke shimfiɗawa a kan yadi ya bi ya yanka riga. Na uku, a tsohon yaren 'yan tireda, ƙyallen da ake nunawa a matsayin misali, wanda a yau aka fi kira sample, inda muka samo kalmarmu ta samfur.

Bafaranshe ya raba su kamar yadda muka raba: zanen yadi motif ko dessin, takardar tela patron, samfur kuwa échantillon. Abin sha'awa, ita kanta pattern daga patron ta samo asali, wato kalmar nan da yaran shago a Garwa ke kiran maigidansu da ita.

A harshen Cek zanen yadi sunansa vzor, samfur vzorek, takardar tela kuwa střih. A harshen Slobak zanen yadi vzor ne shi ma, samfur vzorka, takardar tela strih. Mai karatu zai lura cewa haruffa biyu ne kacal suka raba zane da samfur a waɗannan harsuna. A ce dillali ya rubuta cewa a turo masa pattern goma, yana nufin ƙyalle goma ya gani ya taɓa kafin ya biya. Mai kaya na iya fahimtar cewa zane iri goma ake so, ya turo hotuna, ko ma ya haɗa oda a kan haka. Wanda ke son samfur ya ce sample ko échantillon ƙarara, kada ya bar ƙofa.

Ita kuwa siffar abu, wato ko mai zagaye ne ko mai kusurwa, Bature na ce mata shape, Bafaranshe forme, Cek da Slobak duka tvar. Siffa ita ce abu guda, zane kuwa yadda aka jera siffofin aka maimaita su a faɗin yadi. Da'ira siffa ce, amma da'irori ɗari da aka jera layi-layi sun zama zane.

Siffofi da zane-zanen da aka fi tambaya

Da'ira: Ingilishi circle, Faransanci cercle, Cek da Slobak kruh. Murabba'i: square, carré, Cek čtverec, Slobak štvorec. Alwatika mai kusurwa uku: triangle a Ingilishi da Faransanci, Cek trojúhelník, Slobak trojuholník. Tauraro: star, étoile, Cek hvězda, Slobak hviezda. Murabba'in da aka tsayar a kan kusurwarsa, irin wanda ya cika jikin shadda da huluna, Bature na ce masa diamond, sunan da yake kiran dutsen lu'ulu'u da shi, amma Bafaranshe ya raba su, siffar losange, dutsen diamant. Cek na ce wa siffar kosočtverec, Slobak kosoštvorec. Don haka wanda ya nemi leshi mai diamond ya fayyace ko siffar yake nufi ko duwatsu masu ƙyalli da ake liƙawa, domin kuɗinsu ba ɗaya ba ne.

Yadi mai ratsi-ratsi: striped, rayé, Cek da Slobak pruhovaný, shi ratsin kansa kuma pruh. A nan sai a buɗe ido, domin pruh ratsi ne, kruh da'ira ce, harafi ɗaya ya raba su. Yadi mai gida-gida: checked, à carreaux, Cek kostkovaný, Slobak kockovaný, kuma dukansu sukan ce károvaný, kalmar da suka aro daga Faransanci. Mai ɗigo-ɗigo: dotted ko spotted, à pois, Cek puntíkovaný, Slobak bodkovaný, kuma wannan na cikin wuraren da 'yan uwan biyu suka saɓa gaba ɗaya. Turawan Ingila da Amurka kan kira manyan ɗigogi polka dots, daga sunan wata rawa da ta fito daga ƙasar Cek ɗin a ƙarni na 19, amma su mutanen Cek puntíky kawai suke ce musu. Mai fulawa: floral, à fleurs, Cek květovaný, Slobak kvetovaný. Wanda ba shi da zane ko kaɗan, kala ɗaya tak: plain, uni, Cek jednobarevný, Slobak jednofarebný, domin kala a Cek barva ce, a Slobak farba.

Game da furuci, harafin č shi ne c namu na ciniki, š shi ne sh na shadda, j kuwa y ake karanta shi, shi ya sa Jablonec ake faɗinsa kamar Yablonets. Ƙananan alamomin da ke kan haruffa ba ado ba ne. A harshen Slobak tvar siffa ce, amma tvár mai alamar ja a kan a fuskar mutum ce. Wannan ba baƙon abu ba ne gare mu, domin mu ma muna da zane na ɗaurawa da zane na alƙalami, waɗanda baki ke rabawa da ja da karin sauti amma takarda ta haɗa su. Wanda ya rubuta wa yaronsa a waya cewa a canza zanen, sai an tambaye shi wanne daga ciki.

Saƙawa aka yi ko bugawa?

Bayan sunan zane, tambaya ta biyu ita ce yadda zanen ya hau yadin. Mu mutanen Garwa bai kamata wannan ya ruɗe mu ba. A nan hedkwatar kamfanin auduga na SODECOTON take, wanda aka kafa a 1974, kuma kamfanin CICAM da aka kafa a 1965 an tsara aikinsa ne a kan a kaɗa zare a saƙa farin yadi a masaƙar Garwa, sannan a kai Duwala a buga masa zane, kamar atamfar ranar mata ta 8 ga Maris da ya yi suna da ita. Wato atamfa bugawa ake yi bayan an gama saƙa. Shadda kuwa zanenta a cikin saƙar yake, ana fitar da shi da irin masaƙar da Bafaranshen nan Jacquard ya ƙirƙiro a birnin Lyon a farkon ƙarni na 19, shi ya sa ake ganin zanen ta gaba da ta baya ko da shaddar fara ce fat.

Abin da aka saƙa: woven, tissé, Cek da Slobak tkaný. Abin da aka buga: printed, imprimé, Cek potištěný, Slobak potlačený. Ita shadda Bature na ce mata brocade ko damask, a Kamaru da Cadi bazin, Cek da Slobak brokát. Zane ɗaya na iya zuwa saƙaƙƙe a yadi mai tsada, ya kuma zo bugagge a mai araha, kuma a hoton waya ba a cika bambanta su ba. Kama da wane ba ta wane.

Namu sunayen ba sa tsallaka teku

Mu ma muna da dukiyar sunaye. Masu aikin babbar riga na da aska biyu da aska takwas da tambari da gidan biyar da dagi. Masaƙa na da saƙi da barage, Fulanin wannan yanki kuma na da leppi, ƙyallayen saƙar hannu da a da har ciniki ake yi da su a madadin kuɗi. Bugu da ƙari, kowace atamfa da ta shigo yayi sai mata sun raɗa mata suna, kuma sunan da aka sa mata a Kantin Kwari na Kano ba lallai ne shi za a ji a kasuwar Pitowa ko ta Mbaibum ko ta Kusuri ba. Waɗannan sunaye suna da amfani tsakanin mai rumfa da mai saye, amma masaƙa ba ta san su ba. Abin da ta sani shi ne lambar zane da lambar kala, waɗanda ake samu a tambarin da ke liƙe a turmi ko a gefen yadi ko a littafin samfur.

Inda abin ya fi ciwo shi ne ankon biki da kayan Sallah. Idan an ba ka kwangilar turmi 200 na anko, aka turo 200 masu ɗigo maimakon masu gida-gida, ranar biki ba za ta jira ka ba, kuɗin mota da na kwastan ba za su dawo ba, sunanka kuma ya taɓu a wurin masu bikin. Mayar da kaya ta kan iyaka kuwa kowa ya san wahalarsa.

Abin da muke ba da shawara

Na farko, kowace oda ta ɗauki lambar zane da lambar kala, kalma ta zo a matsayin ƙarin bayani kawai. Na biyu, a tura hoto da aka ɗauka da hasken rana, a ɗora tef ɗin tela a kan yadin domin a ga girman zanen, tun da ƙaramar fulawa da babba duk sunansu ɗaya. Na uku, idan kuɗin da yawa a nemi samfur a riƙe a hannu kafin a biya, gani ya kori ji. Na huɗu, a rubuta ko saƙaƙƙe ake so ko bugagge. Na biyar, a faɗi ma'auni, domin yadi ɗaya santimita 91.44 ne, turmi mai yadi 6 bai cika mita 5 da rabi ba, kuma Turai da mita take awo. Na shida, duk abin da manhajar waya ta fassara a sake mayar da shi harshen farko a ga ko ma'anar ta tsaya, ko a nuna wa wanda ya iya harshen.

Ba mu ce ɗan kasuwa ya koma makaranta ya koyi harshen Cek ko Slobak ba. Kalmomi goma sha biyu zuwa ashirin da aka rubuta a bangon littafin bashi sun isa su hana asarar dila. Yaran shago da suka yi boko a Garwa ko Yola su ne ya kamata a ɗora wa wannan aiki, su kwafe su ajiye kusa da kalkuleta. Matambayi dai ba ya ɓata. Allah Ya ba da kasuwa mai albarka, Ya tsare dukiya da mutunci, amin.