Gas nawa kilo ɗaya na kabayid ke bayarwa?

A Dungu, unguwar da ke kudancin Tamale a arewacin Ghana, kamar a sauran garuruwa, mai waldar gas yakan haɗa kabayid da ruwa cikin tukunyar ƙarfe don ya samu iskar asitilin. Ga yadda ake lissafin yawanta:

CaC₂ + 2H₂O → C₂H₂ + Ca(OH)₂

Wato giram 64 na tsantsar kabayid yana cin giram 36 na ruwa, ya fitar da lita 22.4 ta gas a ma'aunin zafi 0°C. In aka raba 1,000 da 64, aka ninka da 22.4, kilo ɗaya zai ba da lita 350.

Sai dai kabayid na kasuwa ba tsantsa ba ne. Kusan kashi 80 cikin ɗari ne ke aiki, saboda haka lita 280 za a sa rai. Kuma zafi yana kumbura iska: a ranar da Tamale ta kai 35°C, wannan gas zai cika kusan lita 316.

A lissafi, ruwa rabin lita da ɗoriya ya isa kilo ɗaya. Amma wanda ya tsaya nan ya yi ganganci, domin haɗin yana fitar da zafi sosai, asitilin kuwa yakan fashe in ya matsu ya yi zafi. Shi ya sa ake zuba ruwa ninkin-ba-ninkin.