Batirin magneziyom: me ya hana shi shigowa kasuwa?

Duk mai sola ya san tsadar batiri. Shi ya sa masana ke neman abin da zai maye gurbin litiyom. Ɗaya daga ciki shi ne ƙarfen magneziyom, wanda ake samu har cikin ruwan teku. Kowace ƙwayarsa tana ɗaukar caji 2, ta litiyom kuwa 1.

To ina matsalar? Batiri gefe biyu gare shi, da ruwan sinadari a tsakani, inda ƙwayoyin ke kai da komo. Galibin ruwan nan, in ya taɓa magneziyom, sai wata yana ta rufe ƙarfen, hanya ta toshe. A ɗaya gefen kuma, ƙwayoyin na wahalar kutsawa cikin ma'adinai masu tauri. Sai aka koma gwada sinadarai masu tushen kabon, dangin na tsirrai. Suna karɓar magneziyom da sauƙi, amma wasunsu kan narke cikin ruwan, ƙarfin batiri ya dinga raguwa.

Tun shekara ta 2000 tawagar Doron Aurbach a Isra'ila ta nuna samfurin farko mai karɓar caji, amma har yanzu aikin yana ɗakin gwaji. Saboda haka, in za mu aiko ma gida kuɗin batirin sola, kada mu tsaya jiran magneziyom.