Ciwon Bayan Dattijo da Fitsari Mai Kumfa

Idan akwai dattijo a gidanku da ciwon baya ya ƙi sakinsa wata da watanni, ga kasala, ga ƙarancin jini, fitsarinsa kuma yana kumfa, kada ku ɗora wa tsufa laifi tukuna. Akwai wata sankarar ɓargo da likitoci ke kira mayeloma, wadda ta fi kama waɗanda suka haura shekara 60.

A cikin ɓargon ƙashi akwai ƙwayoyin da ke ƙera makaman garkuwar jiki. Kowane makami siffarsa kamar gwafa, an haɗa shi da zare huɗu na furotin, biyu dogaye, biyu gajeru. Ƙwaya ɗaya takan sami tangarɗa a rubutun halittarta, sai ta yi ta hayayyafa babu tsayawa. A wasu majinyatan, tangarɗar takan lalata sashen da ke umartar a yi dogon zaren, sai ƙwayar ta riƙa zubo gajeru zalla, tamkar telan da ke ɗinka hannayen riga ya tara, babu rigar. Wannan tangarɗa a jikin mutum take aukuwa bayan haihuwa, kuma ba a ɗaukar cutar wurin zama ko cin abinci tare.

Guntayen nan ba sa kare jiki daga komai. Saboda ƙanƙantarsu sukan bi jini su shiga ƙoda, su toshe ƙananan hanyoyinta. Tun a 1847 wani likita a Landan, Henry Bence Jones, ya yi bayaninsu a fitsarin wani majinyaci, har yau da sunansa ake kiransu.

Ga inda nake so ku natsu. Ɗan tsinken gwajin da ake tsomawa a fitsari a ƙananan asibitoci yakan kasa ganin waɗannan guntaye, don haka yana iya nuna lafiya lau alhali ƙoda na cutuwa. Ku roƙi a tura ku babban asibiti, a auna jini da fitsari musamman domin su, a duba ƙoda, a ɗauki hoton ƙashi.

Kafin nan, don Allah ku daina saya wa mara lafiyar diklofenak da ibufurofen a hannun masu talla a kasuwa. Suna kwantar da ciwo, gaskiya ne, amma suna iya ƙarasa ƙodar da ta riga ta jigata. Ku ba shi ruwa sosai, sai in likita ya hana. Idan za ku ƙetare iyaka neman magani, ku riƙe duk takardun gwajin da aka taɓa yi masa.