Neman Salsala a Littattafan Gidan Yari

A Ostareliya akwai lokacin da babban zagi shi ne a ce wa mutum kakansa fursuna ne. Iyalai sukan ɓoye zancen, wasu har su ƙirƙiro labari cewa tsohon ma'aikacin jirgin ruwa ne. Yau kuwa abin ya juya. Mutane na kashe kuɗi da lokaci suna tonon tsofaffin takardu, suna fatan su iske kakansu a cikin waɗanda aka koro.

Asalin abin daga Ingila ne. Dokar 1718 ta ba alƙalai ikon korar mai laifi zuwa ƙetare, galibi shekara 7 ko 14, maimakon a rataye shi. Kimanin mutum 50,000 aka kai Amurka, yawancinsu gonakin taba na Virginia da Maryland. Da Amurka ta ɓalle a 1776 sai ƙofar ta rufe, aka juya akala zuwa Ostareliya. Jirage 11 na farko sun isa a Janairun 1788, na ƙarshe kuma a 1868. Tsakanin nan an kai mutum kusan 162,000, da yawansu kan ƙananan sace-sace.

Abin mamaki, mai karatu, wanda kakansa fursuna ne ya fi kowa samun sauƙin bincike. Hukuma ba ta damu da talakan da bai yi laifi ba, amma wanda ta ɗaure sai ta rubuta shi ciki da bai, don in ya gudu a gane shi. Akawu zai rubuta tsawonsa, launin idonsa, tabon jikinsa, sana'arsa, jirgin da ya kawo shi, da duk bulalar da ya sha. Shari'o'in kotun Old Bailey ta Landan daga 1674 zuwa 1913 suna intanet kyauta, har da abin da shaidu suka faɗa. A 2007 hukumar UNESCO ta sa littattafan fursunonin Ostareliya cikin takardun tarihin duniya da ake tattali. Ta wannan hanya aka gano a 2008 cewa Kevin Rudd, firayim ministan ƙasar a lokacin, jinin Mary Wade ne, yarinyar da aka yanke wa hukuncin kisa a 1789 saboda ta ƙwace tufafin wata yarinya, daga baya aka mayar da shi kora.

Barorin kwantiragi sun fi wuyar samu. Waɗannan su ne suka jinginar da ƙarfinsu na shekara 4 zuwa 7 don a biya musu kuɗin jirgi. Yarjejeniya ce tsakanin bara da ubangidansa, in wa'adi ya cika takardar ta zama shara. Garin Bristol ne ya yi ƙoƙari, ya rubuta sunaye wajen 10,000 daga 1654 zuwa 1686.

To, mu ina ruwanmu? Akwai ruwanmu. Bayan Ingila ta hana cinikin bayi a 1807, jiragen yaƙinta sun riƙa kama jiragen bayi suna sauke mutanen a Freetown ta Saliyo, kuma akwai Hausawa a cikinsu. A can aka rubuta sunan kowa, shekarunsa, tsawonsa da tsagar da ke fuskarsa. Daga 1841 aka soma kwasar wasunsu zuwa Trinidad, Jamaika da Guyana a matsayin 'yan ƙodagon kwantiragi a gonakin rake. Ana kiransu 'yantattu, amma zaɓin da aka ba su kaɗan ne. Malama Maureen Warner-Lewis ta iske jikokin irin waɗannan mutane a Trinidad, wasunsu na tune da kalmomi da waƙoƙin Hausa, ta kawo bayaninsu a littafinta Guinea's Other Suns na 1991.

Inda zaren yake tsinkewa shi ne suna. Akawun Bature ya rubuta abin da kunnensa ya ji, daga baya kuma aka laƙaba wa mutumin sunan Turanci, ba tare da an haɗa sunayen biyu a takarda ɗaya ba. Shi ya sa masu bincike suka sa dubban sunayen nan a intanet, a shafin SlaveVoyages, don masu jin harsunan su taimaka a gane su. Bahaushen da ya san yadda ake kiran Audu ko Bawa, ya kuma san tsagar Bagobiri da ta Bakabe, zai iya gane abin da ya shige wa masanin jami'a duhu.