Yaye da Fara Ba Jariri Abinci a Ƙasar Wurno, Rabah da Goronyo

A bakin Bahaushe kalmar yaye tana nufin wata rana guda. Idan yaro ya doshi shekara biyu, ko kuwa uwa ta ga alamar wani ciki, sai a tsai da rana, a karɓo rubutu wurin malam, a ɗauki yaron a kai shi gidan kakarsa ya yi kwanaki. Wata uwar takan shafa abu mai ɗaci a nononta domin ya ƙyamace shi. Kafin ya dawo gida an ce an yaye shi. Masana kiwon lafiya kuwa suna duban yaye a matsayin tafiya ta wata goma sha takwas, wadda take farawa ranar da aka fara sa wa jariri wani abu a baki ban da nono, ta ƙare ranar da ya bar nonon gaba ɗaya. Mafi yawan yaran da suke lalacewa bayan ranar yaye, tun a farkon wannan tafiya aka yi kuskure a kansu.

A shekarar 2001 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsai da shawara cewa a ba jariri nono zalla har wata shida, ba tare da ko ruwa ba, sa'an nan a fara ba shi abinci, a kuma ci gaba da shayarwa har shekara biyu. Wannan wa'adi na biyu bai zo wa Musulmi da wani sabon abu ba, tun da shekara biyu cikakku ita ce Alƙur'ani ya ambata. Dalilin zaɓen wata shida shi ne, a wannan lokaci ne sinadarin ƙarfe da jariri ya zo da shi daga cikin uwa yake fara ƙarewa, alhali nono ba ya ɗauke da shi da yawa, kuma rashinsa shi yake kawo ƙarancin jini. Har ila yau nonon yana fara gazawa wajen ba jiki ƙarfi. An ƙiyasta giɓin da kalori 200 a yini daga wata 6 zuwa 8, da kalori 300 daga wata 9 zuwa 11, da kalori 550 a shekara ta biyu.

To, da me ake cike wannan giɓi a gabashin Sakkwato? Ƙasar ba ta rasa abinci ba. Fadamar Wurno, garin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi ribaɗi, ta shahara da shinkafa da albasa da tafarnuwa. Madatsar ruwa ta Goronyo, wadda aka gama ginawa a kan Gulbin Rima a 1984, tana ba da kifi da ruwan noman rani. Rabah tana bakin Gulbin Sakkwato, ga gero, ga wake, ga dabbobi. Duk da haka abin da jariri yake fara samu a yawancin gidaje shi ne koko ko kunun gero tsararo, wanda aka tace dusarsa aka cika shi da ruwa domin ya wuce maƙogwaro da sauƙi. Cikin yaro mai kilo takwas ba ya ɗaukar fiye da abin da zai cika ƙaramin kofi a zama ɗaya. Idan aka cika shi da ruwan koko, yaro ya ƙoshi a ido, amma jikinsa bai sami abin kirki ba. Binciken lafiyar jama'a na Nijeriya na 2018 ya nuna kashi 37 cikin ɗari na yara 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, a shiyyar Arewa maso Yamma kuwa abin ya wuce rabi.

Sai kuma ɗura. Uwa takan kwantar da jariri a cinyarta, ta tallafo kunu a tafin hannu ta kafa masa a baki, wani lokaci har da toshe masa hanci, ya dinga haɗiya yana kuka. Lalle ba mugunta ce take sa ta yin haka ba, tsoro ne kada ɗanta ya kwana da yunwa, ga kuma aikin gida yana jiranta. Amma kunun yana iya bi ta hanyar numfashi ya sauka cikin huhu, kuma yaron da ya saba da ɗura yakan koyi gudun abinci, da ya ga ludayi sai ya kau da kai.

A farkon shekarun 2000 wata ma'aikaciyar lafiya a Ingila mai suna Gill Rapley ta yayata wata hanya da ta saɓa wa wannan, ta kuma wallafa littafi a kanta tare da Tracey Murkett a 2008. Hanyar ita ce a bar jariri ya ja ragamar yayensa da kansa. Idan ya cika wata shida, yana iya zama da ɗan tallafi, wuyansa ya tsaya, yana kuma miƙa hannu ya ɗauki abu ya kai baki, sai a zaunar da shi tare da mutanen gida lokacin cin abinci. A ajiye masa yanka-yankan abinci mai taushi, kowanne kamar tsawon yatsan babba, domin a wannan lokaci da dukan tafin hannu yake damƙa, sai wajen wata tara yake iya tsinke da yatsa biyu. Shi zai zaɓi abin da zai ɗauka, shi kuma zai san ya ƙoshi. Aikin uwa shi ne ta zaɓi abin da za a ajiye, ta kuma zauna tana kallo.

Likitoci sun nuna damuwa iri biyu: kada yaro ya ƙware, kada kuma ya kasa cin abin da zai ishe shi. Masana a Jami'ar Otago ta ƙasar Niyu Zilan sun gwada abin a kan mata 206 da jariransu, aka buga sakamakon a 2016 da 2017. Sun yi wa hanyar gyara, watau a kowane zama a ajiye abu ɗaya mai sinadarin ƙarfe da abu ɗaya mai ba da ƙarfi, a kuma kauce wa abin da yake iya tsayawa a maƙogwaro. Yaran da suka ci da hannunsu ba su fi waɗanda aka ba da cokali ƙwarewa ba, girmansu kuma bai bambanta ba.

Duk wanda ya taɓa zama a tsakar gida a Wurno ko Goronyo zai ce ai wannan tsohon abu ne, kuma yana da gaskiya. Yaro mai rarrafe yakan kutsa cikin yayyensa ya sa hannu a akushi, a gutsuro masa tuwo a miƙa masa. Inda gizo yake saƙa shi ne, wannan yakan faru a makare, kuma ba da tsari ba. Abin da yake kai wa hannunsa tuwo ne da ɗan miya, nama da kifi kuwa rabon manya ne, ƙwai ma a wasu gidaje ana hana yara shi da camfin cewa zai sa su sata. Abin da ya dace da hannun ɗan wata shida yana nan a kasuwar kowane ƙauye: dafaffen dankali, kabewa, alale, ƙwai dafaffe, hanta da aka dafa ta yi laushi, kifi da aka tsince ƙayarsa tsaf, gwanda ko mangwaro nunanne. A ɗibar masa nasa kafin a zuba gishiri da magi da barkono.

Sai dai a lura, yaran da aka yi gwajin a kansu yara ne masu ƙoshin lafiya a ƙasar da ba ta fama da yunwa. Jariri mai koyon ci yakan zubar da fiye da abin da ya haɗiye, gidan da yake auna hatsi da damina kuwa ba shi da wannan rarar. Yaron da aka haifa bakwaini, ko wanda zawo ko ƙyanda ta kayar, ko wanda tamowa ta fara kamawa, ba a barinsa ga zaɓin kansa. Saboda haka abin da ya fi dacewa da wannan yanki shi ne a haɗa hanyoyin biyu. A dama kunu mai kauri wanda ba ya zuba idan an karkata cokali, a sa masa niƙaƙƙiyar gyaɗa ko waken soya ko garin busasshen kifi, a ba shi da cokali a hankali, idan ya kau da kai a dakata a sake gwadawa an jima. A gefe kuma a ajiye masa abin da zai ɗauka da hannunsa. Sau biyu zuwa uku a yini ya isa daga wata 6 zuwa 8, daga wata 9 kuwa sau uku zuwa huɗu. Hannun da zai ci da shi shi ne wanda ya yini yana rarrafe a ƙasa inda kaji da awaki suke yawo, don haka wanke shi da sabulu yana cikin sharuɗɗan hanyar.

Game da ƙwarewa, ya kamata ma'aikatan lafiya su koya wa iyaye bambancin abu biyu. Yaron da yake tari yana yunƙurin amai, fuskarsa ta yi ja, jikinsa ne yake turo abincin waje, kuma a ƙyale shi ya gama, kada a zura masa yatsa. Wanda ya yi shiru, ba tari ba kuka, shi ne hanyar numfashinsa ta toshe, sai a kifa shi a kan hannu, kansa ƙasa, a bubbuga tsakanin kafaɗunsa. Gyaɗa ɗaiɗaya, da aya, da gurjiya, da magarya, da ɗanyen karas, ba na jariri ba ne. Zuma ma sai ya cika shekara. Kada ya ci a kwance, kada kuma a bar shi da abinci a hannun yarinya mai raino ita kaɗai.

A birnin Sakkwato akwai asibitin da aka buɗe a 1999 domin masu cutar noma, wadda ba ta da dangantaka da noman gona sai kamancin suna. Cuta ce mai farawa daga dasashi ta cinye kunci da leɓe, tana kuma kama yara 'yan shekara biyu zuwa shida waɗanda tamowa ta raunana, watau waɗanda ba su daɗe da barin nono ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci a watan Disamba na 2023. Yaron da aka kai gidan kaka bai iya komai ba sai nono da koko, yakan yi kwanaki yana ƙin ci, ya dawo a rame. Wanda ya yi wata goma sha takwas yana sa hannu a kwano kuwa, ranar da aka kai shi zai yi kukan uwarsa, amma da aka ajiye tuwo zai matso ya ci.