Makamin da auduga ta ɓoye a cikin angurya

Fasa ƙwayar angurya ka duba cikinta da kyau, za ka ga 'yan ɗigo-ɗigo baƙaƙe kamar an barbaɗa masoro. A cikinsu auduga ke ajiye gosifol, wani sinadari mai ruwan ɗorawa daga dangin fenol, wanda take korar ƙwari da shi.

Halin gosifol shi ne riƙo. In ya haɗu da sinadarin ƙarfe ko furotin, sai ya maƙale musu. Abin da ke ceton shanu ke nan: a tumbin babban sa, dafin yakan ɗaure da furotin, ƙarfinsa ya ragu tun bai shiga jini ba. Shi ya sa masu kiwo a ƙasar auduga, irin su Funtuwa da Gusau, suka daɗe suna kiwata dabbobi da angurya. Amma ɗan maraƙin da tumbinsa bai nuna ba, ba shi da wannan gata, haka ma kaza. In abin ya yi yawa, zuciya da hanta ne ke shan wuya, gwaiduwar ƙwai kuma ta koma kore-kore in ya kwana biyu a ajiye.

Labarin gosifol da ɗan Adam a Sin ya fito fili. Wajen shekarun 1950 aka lura haihuwa ta yi ƙaranci a wasu ƙauyukan da ke girki da ɗanyen man angurya. Da aka gano mai laifin, sai likitoci suka ce tsuntsu daga sama gasasshe: ga maganin tsarin iyali na maza! A shekarun 1970 aka gwada shi a kan dubban magidanta, ya kuma yi aiki, don yana tsayar da samar da maniyyi. Sai dai wasu fotasiyam ɗin jininsu ya faɗi har gaɓoɓi suka saki, wasu kuwa sun daina sha amma haihuwar ba ta dawo ba. A 1998 masanan Hukumar Lafiya ta Duniya suka ba da shawarar a dakatar da wannan bincike, kuma a ganina sun yi daidai.

Man anguryar da masana'anta ta tace ba abin tsoro ba ne, tacewar na kwashe kusan duk dafin.

A Amurka an taɓa noma audugar da ba ta da ɗigon gosifol ko kaɗan, ƙwari suka yi kaca-kaca da ita. Daga baya masanan jami'ar Texas A&M suka fito da irin da ya bar gosifol a ganye da kara, ya rage shi ƙwarai a ƙwaya, kuma a 2019 hukumar abinci da magunguna ta ƙasar ta amince mutane su ci.